HANYAR NEMAN GIDA A BIRNI ƘARƘASHIN SHIRIN GWAMNATIN TARAYYA

Gabatarwa

Wurin kwana yana cikin abubuwa uku da ɗan Adam ba ya iya zama sai da su, watau ci da sutura da matsuguni. A ƙauye ba safai wannan yake zama abin damuwa ba, domin mutum yana iya yankar wani gefe na gidan gado ya tayar da ɗaki da taimakon 'yan'uwa. A birni kuwa al'amarin ya sha bamban. Ma'aikacin da aiki ya kai shi Ikko ko Abuja ko Kano ko Fatakwal yakan share shekaru talatin yana biyan haya, sau da yawa ta shekara guda a dunƙule, sa'an nan ranar da ya yi ritaya ya tarar ba shi da ko ɗaki ɗaya da zai kira nasa.

An shirya wannan takarda domin bayyana wa jama'a yadda ake neman gidan da Gwamnatin Tarayya ta gina ko ta tallafa wa sayensa. Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, irin wannan gida ba kyauta ake ba da shi ba. Sayarwa ake yi, sai dai bisa sharuɗɗa masu sauƙi, da biya kaɗan-kaɗan na shekaru masu yawa. Saboda haka wanda ya tanadi takardunsa da ajiyarsa tun kafin a yi sanarwa, shi ne ke kan gaba ranar da aka buɗe ƙofar nema.

Abin da Tsarin Mulki ya ce

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin fuskantar da manufofinta ga samar wa dukan 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa kuma wadatacce. Wannan manufa ce da ake auna gwamnati da ita, amma ba ta ba mutum damar zuwa kotu ya nemi a tilasta a ba shi gida ba. Sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon saye da mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar nan. Ma'anar wannan ita ce, Bahaushen da ke zaune a Ikko ko Enugu yana da damar neman gidan Gwamnatin Tarayya a can, kamar yadda mutumin Enugu yake da damar nema a Kano ko Sakkwato.

Taƙaitaccen tarihi

A 1956 aka kafa Ƙungiyar Ba da Rancen Gina Gidaje ta Nijeriya, wadda a 1977 aka mayar da ita Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya, wanda aka fi sani da FMBN. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, watau FHA, bisa Dokar Soja mai lamba 40. Ita ce ke da Unguwar Festac a Ikko, wadda aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na 1977, da kuma Unguwar Gwarimpa a Abuja.

A Shirin Raya Ƙasa na Uku, daga 1975 zuwa 1980, an ƙudura gina gidaje 202,000, amma waɗanda aka gama ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta soma shirinta na gidaje masu sauƙin kuɗi, da niyyar gina 2,000 a kowace jiha duk shekara. Kafin ƙarshen 1983 abin da aka gama bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yi niyya ba, kuma wasu rukunan an gina su nesa da gari, inda babu ruwa babu hanya, har suka daɗe babu kowa a ciki.

Daga nan aka gane cewa baitulmali shi kaɗai ba zai iya gina wa kowa gida ba. Wannan ne ya sa aka fito da Manufar Gidaje ta Ƙasa a 1991, aka kuma kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, watau NHF, bisa Dokar Soja mai lamba 3 ta 1992. A 2016 aka soma wani sabon shirin gina gidaje a yawancin jihohi, aka buɗe sayar da su ta intanet a watan Nuwamba na 2021. A 2023 aka raba Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane daga Ma'aikatar Ayyuka, a watan Fabrairu na 2024 kuma aka aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, ƙarƙashin Shirin Sabunta Fata. Shirin ya haɗa da rukunan gidaje 250 a jihohi 12, biyu daga kowace shiyya, cikinsu har da Katsina da Sakkwato da Yobe da Gombe da Nasarawa da Binuwai.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: tun fil azal masu nema sun fi gidajen yawa. Inda abu ya yi kaɗan, wanda takardunsa suka cika shi ake fara dubawa.

Hukumomin da abin ya shafa

Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ita ce ke tsara manufa, ta gina wasu rukunan, ta kuma rarraba su. Tana da Kwanturolan Gidaje na Tarayya a jihohi, kuma a ofishinsa ne mutum zai tabbatar da ko akwai gidajen da ake sayarwa a jiharsa. Hukumar FHA tana gina nata rukunan ta sayar. Bankin FMBN shi ke riƙe da Asusun Gidaje, shi ke ba da rancen saye. Ƙananan bankunan rancen gidaje, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ke ba lasin, su ne tsani tsakanin mai nema da FMBN. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kuma suna da wata ƙofa ta daban, watau Hukumar Ba da Rancen Gidaje ga Ma'aikatan Tarayya. Jihohi ma suna da nasu hukumomin gidaje da nasu sharuɗɗan, amma wannan takarda ta tsaya ne a kan shirin Tarayya.

Asusun Gidaje na Ƙasa

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ba ya zubi a Asusun Gidaje ba zai sami rancen asusun ba. Zubin kuwa kashi biyu da rabi ne cikin ɗari na abin da mutum yake samu a wata. Alal misali, mai samun naira 100,000 zai riƙa zuba naira 2,500. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa ne daga albashi. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa kuwa, tun da aka yi wa dokar gyara a watan Fabrairu na 2023, shiga asusun ya zama ganin dama gare shi. Mai sana'ar kansa, kamar ɗan kasuwa ko tela ko direba ko magini, shi ma yana iya yin rajista a ofishin FMBN ya riƙa zubi da hannunsa.

Duk wanda ya yi rajista ana ba shi lamba tasa ta kansa. Lalle ne mai zubi ya san lambarsa, ya kuma riƙa neman bayanin ajiyarsa a kai a kai, domin yakan faru a cire kuɗi daga albashi amma wurin aiki bai miƙa wa banki ba. Idan aka gano wannan da wuri, gyaransa ba wuya. Idan kuwa sai ranar neman rance aka gano, to, jinkiri ya samu.

Kuɗin da aka zuba ba ya ɓacewa. Wanda bai ci rance ba, ko ya ci ya gama biya, ana mayar masa da ajiyarsa da ƙarin kashi 2 cikin ɗari idan ya kai shekara 60, ko ya yi ritaya, ko rashin lafiya ya hana shi aiki. Idan ya rasu, magadansa ke karɓa.

Sharuɗɗan rancen asusun su ne: mai nema ya kasance ɗan Nijeriya wanda ya kai shekara 18, ya yi zubi na aƙalla wata shida, ya nuna shaidar cewa yana da hanyar samu tabbatacciya. Ruwan rancen kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, ana kuma iya biya har tsawon shekara 30. Iyakar rancen ta daɗe a kan naira miliyan 15, kafin a ɗaga ta zuwa naira miliyan 50 a 2024. Gidan zama kaɗai ake ba da rancen dominsa, kuma gidan da kansa shi ne jingina.

Hanyoyi huɗu na biya

Hanya ta farko ita ce biya nan take, ga wanda yake da kuɗin a hannu. Ta biyu ita ce biya kashi-kashi cikin ƙayyadadden lokaci da takardar tayi za ta ambata. Ta uku ita ce rancen Asusun Gidaje, inda banki zai biya kuɗin gidan, mai gida kuma ya riƙa biyan banki wata-wata. Ta huɗu ita ce haya mai ƙarewa da mallaka, wadda FMBN ya fito da ita a 2018. A wannan hanya mutum yana shiga gidan a matsayin ɗan haya, abin da yake biya kuma ana lissafa shi cikin kuɗin gidan, har ranar da ya cika ya zama nasa. Ba a neman kafin alƙalami a cikinta. Bugu da ƙari, saboda waɗanda addininsu bai yarje musu mu'amala da kuɗin ruwa ba, bankin ya tanadi wani nau'i na wannan haya wanda babu ruwa a cikinsa, an gina shi ne bisa ƙa'idar ijara.

A hanyar rance, ana iya neman mai saye ya fara ajiye wani kaso na kuɗin gidan daga aljihunsa. Bisa gyaran da aka yi a 2018, rancen da bai wuce naira miliyan 5 ba babu wannan kaso a kansa, wanda ya haura haka zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 ne cikin ɗari. Har ila yau, tun watan Satumba na 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta yarje wa ma'aikaci ya yi amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ta fansho ba wajen biyan wannan kaso, muddin an yi masa zubin fansho na wata 60 kuma sauran shekarunsa na aiki ba su gaza uku ba.

Lissafi kafin nema

Ƙa'ida ce cewa abin da mutum zai riƙa biya a wata kada ya wuce sulusin abin da yake samu. Da wannan ma'auni kowa zai iya gane gidan da ya yi daidai da ƙarfinsa tun kafin ya taka ƙofar banki.

A ɗauki rancen naira miliyan 5 a kan ruwa kashi 6. Idan za a biya cikin shekara 30, biyan wata zai kama kimanin naira 30,000, watau ana bukatar mai samun naira 90,000 a wata. Idan cikin shekara 20 ne, biyan zai kama kimanin naira 35,800. Idan cikin shekara 10 ne, zai kai kimanin naira 55,500, sai mai samun fiye da naira 166,000 ne zai iya ɗauka. Rancen naira miliyan 10 kuwa, sai a ninka waɗannan alƙaluma sau biyu.

Akwai abubuwa biyu da wannan lissafi yake nunawa. Na ɗaya, tsawon lokacin biya yana rataye ne da shekarun mai nema, domin ana so a gama biya kafin ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 a aikin gwamnati. Matashi ɗan shekara 30 yana iya samun cikakkun shekaru 30, amma ɗan shekara 50 ba zai wuce 10 ba. Ashe ke nan jinkiri tsada yake jawowa. Na biyu, sauƙin biyan wata yana da nasa farashi: wanda ya biya miliyan 5 cikin shekara 30 zai biya jimillar kusan naira miliyan 10.8, wanda ya biya cikin shekara 20 kuwa kimanin miliyan 8.6. Ya rage ga kowa ya auna wanda ya fi masa.

Takardun da za a tanada

1. Lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, da hotunan fasfo na kwanan nan.
2. Lambar Asusun Gidaje da bayanin zubi daga FMBN.
3. Takardun albashi na wata uku da suka gabata, da wasiƙa daga wurin aiki. Mai sana'ar kansa zai kawo bayanin shige da ficen kuɗi na asusunsa na banki.
4. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, daga hukumar haraji ta jihar da yake zaune, ko ta Babban Birnin Tarayya ga mazauna Abuja.
5. Takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru.
6. Takardar tayin gidan, da kofen takardun mallakarsa, da rahoton ƙiyasin darajarsa, idan ta hanyar rance za a saya.

Wajibi ne suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a dukan takardun. Wanda yake Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, ko kuma shekarunsa na wurin aiki suka saɓa wa na katin ɗan ƙasa, ya gyara tun yanzu. Irin wannan ɗan bambanci yana iya tsayar da fayil wata da watanni.

Matakan nema

Mataki na farko, mai nema ya tabbatar da cewa an yi sanarwar sayar da gidajen daga bakin ma'aikatar ko hukumar da ta gina su, ta rediyo ko jarida ko shafinta na intanet, ko kuwa ya je ofishin Kwanturola ya tambaya.

Na biyu, ya je ya ga rukunin da idonsa. Ya duba nisansa da wurin aiki da makarantar yara da kasuwa da asibiti, ya duba ruwa da lantarki da hanya, musamman yadda take da damina. Gidan da kuɗin motar zuwa aiki daga gare shi zai cinye rabin albashi, ba a kira shi mai araha.

Na uku, ya cika fom. Ana iya neman gidajen ma'aikatar ta intanet: mutum zai yi rajista da sunansa, ya zaɓi gari da irin gidan da yake so, mai ɗakin kwana ɗaya ko biyu ko uku, ya zaɓi hanyar biya, ya ɗora takardunsa. Wanda bai iya kwamfuta ba yana iya sa amintacce ya taimake shi, amma lambar waya da sauran bayanai su zama nasa ne, kada su zama na mai taimakon.

Na huɗu, idan an amince da bukatarsa za a ba shi takardar tayi ta wucin gadi. Wannan takarda ba ta mallaka ba ce. Tana ɗauke da lambar gida da farashi da wa'adin biya, kuma wanda ya bar wa'adin ya wuce, ana iya janye tayin a ba wani.

Na biyar, idan rance zai ci, ya kai takardar tayin bankin rancen gidaje da FMBN ya amince da shi, ya buɗe asusu. Bankin zai tantance shi, ya tura bukatarsa FMBN. Idan an amince, kuɗin yana tafiya ne kai tsaye ga mai sayar da gidan. Ya tambayi bankin tun farko nawa ne kuɗin lauya da na ƙiyasi da na inshora, domin ya san jimillar abin da ke gabansa.

Na shida, bayan an biya za a ba shi takardar rabo da makulli. Kafin ya sa hannu ya karɓa, ya zagaya gidan ya duba rufi da ƙofofi da famfo da wayoyin wuta, ya rubuta duk aibin da ya gani ya miƙa wa jami'in da ke kula da rukunin.

Batun takardar mallaka

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe su amana domin jama'a. A Abuja Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke gudanar da wannan iko. Abin da mai gida yake samu shi ne haƙƙin zama na ƙayyadaddun shekaru, galibi 99, wanda takardar shaidar mallaka, wadda jama'a suka fi sani da C of O, take tabbatarwa. Dokar ta hana sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi ba tare da amincewar hukuma ba. Saboda haka wanda ya sayi gida da rance ya sani cewa takardunsa za su zauna a hannun banki har ya gama biya, kuma ba shi da ikon sayar da gidan a ɓoye. Ranar da ya gama biya, ya nemi takardar sakin jingina ya karɓi takardunsa, kada ya bar wa magada wannan wahala.

Idan biya ya gagara saboda rasa aiki ko ciwo, mai gida ya sanar da banki a rubuce tun a watan farko. Wanda ya yi shiru bashi ya taru a kansa, doka ta ba banki ikon sayar da gidan ya fid da kuɗinsa.

Mata da masu sana'ar kansu

Dokar Asusun Gidaje ba ta bambanta namiji da mace ba. Matar da take zubi tana da ikon nema da sunanta, ko tana da aure ko ba ta da shi. Masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, waɗanda ba su da takardar albashi, babbar shaidarsu ita ce asusun banki. Wanda yake cinikin dubban nairori kullum amma yana ajiye kuɗinsa a shago, ba shi da abin da zai nuna wa banki. Yana da kyau irin waɗannan su riƙa shigar da cinikinsu ta asusu, su kuma shiga ƙungiyar gama kai mai rajista, domin FMBN yana da tsarin rance na musamman ga ƙungiyoyin gama kai na gidaje.

Gargaɗi game da macuta

Duk inda masu nema suka yi yawa, macuta ba sa rasa zuwa. Wasu sukan zo da fom na jabu, wasu su ce suna da hanya a ma'aikata, wasu kuma su buɗe shafin intanet mai kama da na gwamnati. Ga alamomin da za a gane su da su. Kuɗin da ake biyan ma'aikata yana shiga Asusun Bai Ɗaya na Gwamnatin Tarayya ne, wanda aka tilasta amfani da shi tun 2015, kuma ana ba da rasit. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum, ko a ba shi a hannu, macuci ne. Babu jami'in da aka yarje wa karɓar na goro domin ya sa sunan wani a gaba. Wanda ya zo yana sayar da takardar tayi mai ɗauke da sunan wani, a kai takardar ofishin da aka ce ya fid da ita a tantance kafin a biya ko kwabo. Wanda aka nemi cin hanci a wurinsa yana iya kai ƙara Hukumar ICPC ko Hukumar EFCC, wanda kuma aka yi wa rashin adalci a ofis yana iya kai kukansa Hukumar Sauraren Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma ba a biyan kuɗi a wurinta.

Kammalawa

Gidajen da ake ginawa ba za su ishi dukan masu nema ba a lokaci guda, kuma ba kowane mai nema ne zai samu a karon farko ba. Amma akwai abin da yake hannun kowa tun yau: ya yi rajista a Asusun Gidaje, ya tabbata zubinsa yana isa banki, ya biya harajinsa ya karɓi shaida, ya daidaita sunansa a takardu, ya kuma san iyakar abin da albashinsa zai iya ɗauka. Tun ran gini ran zane. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, mai neman ƙarin bayani kuma ya tuntuɓi ofishin Kwanturolan Gidaje na Tarayya ko reshen FMBN da ke babban birnin jiharsa.